Harshe da Aikin Gida: Lissafi, Shifta da Ingilishi Wajen 'Yan Firamaren Hausawan Idi-Araba da Agege

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba wani ɗan ƙaramin al'amari da manazarta harshe ba su cika waiwaya ba, wato aikin da malamin firamare kan ba ɗalibi ya je ya yi a gida, wanda a makarantun Arewa ake kira jinga ko aikin gida. An keɓe bayanin ga darussa uku, lissafi da shifta da Ingilishi, aka kuma keɓe shi ga yaran Hausawa mazauna Idi-Araba ta ƙaramar hukumar Mushin da kuma Agege, a Jihar Legas. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, duk malamin da ya ba da jinga ya riga ya ɗauka cewa gidan da littafin zai shiga yana jin harshen makaranta. A waɗannan unguwanni kuwa, harshen gida daban, na titi daban, na aji daban. Saboda haka sau da yawa abin da jan biron malam yake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin waɗannan harsuna, alhali shi yana zaton basirar yaro yake aunawa.

2.0 Yaron da Harsunansa

Zaman Hausawa a Ikko ya girmi layin dogo, amma isar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ta yawaita su. Agege ta bunƙasa da cinikin goro, da yake an shuka shi da yawa a gonakin yankin tun farkon ƙarni na 20, daga baya kuma harkar shanu ta ƙara mata jama'a. Idi-Araba kuwa, inda aka kafa asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 1962, ta zama ɗaya daga cikin manyan matsugunan Hausawa a tsakiyar birnin. Kowace unguwa tana da Sarkin Hausawanta da masallatanta da makarantun allo da Islamiyyu, kusan irin tsarin da Abner Cohen ya bayyana game da Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. Da yawa daga cikin 'yan firamaren yau jikoki ne ko tattaɓa-kunnen waɗanda suka fara zuwa, wasunsu ma ba su taɓa ƙetare Kwara ba.

Irin wannan yaro yana magana da uwarsa da Hausa. In ya fita ƙofar gida ya haɗu da Yarbanci da Buroka. Da yamma ya tafi Islamiyya ko makarantar allo, inda karatu da Larabci ne, bayani da Hausa. Da safe kuma ga Ingilishi. Harsuna biyar ke nan, uku daga cikinsu ana neman ya rubuta su, amma ban da harshen uwarsa.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da gyare-gyarenta na 1981 da 1998 da 2004, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen al'ummar da yake zaune cikinta, sannan Ingilishi ya karɓa daga baya. A Kano wannan kalma ta ‘ko’ ba ta da wani nauyi, domin harsunan biyu ɗaya ne ga mafi yawan yara. A Mushin kuwa ‘ko’ ɗin ita ce matsalar gaba ɗaya: harshen al'umma Yarbanci ne, kuma dokar da Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa wa hannu a 2018 ta wajabta koyar da shi a dukkan makarantun jihar, na gwamnati da na kuɗi. A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa har tsawon shekaru shida na firamare, sai kuma a Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa da mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe. Duk wannan kai-da-komo bai taɓa littafin jingar yaron Idi-Araba ba. Da Ingilishi ake rubuta masa ita kafin 2022, da shi aka ci gaba da rubutawa bayan nan.

3.0 Lissafi

A nan ne abin ya fi ban takaici, domin a nan ne gidan Bahaushe ya fi wadata. Tsarin ƙidayar Hausa na goma-goma ne, kuma daga 11 zuwa 19 a bayyane yake: goma sha ɗaya, goma sha biyu, har zuwa goma sha tara. Yadda ake faɗa haka ake rubutawa, goma a gaba, ɗai-ɗai a baya. Yaron da ya ce ‘ashirin da uku’ ya riga ya faɗi cewa 23 ashirin ce da uku. Ingilishi bai yi wa mai koyo wannan adalci ba. Kalmomin ‘eleven’ da ‘twelve’ ba su nuna goma a jikinsu, daga ‘thirteen’ zuwa ‘nineteen’ kuma an juya tsarin, ɗai-ɗai ya riga goma. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ce wa yaro ‘fourteen’ ya rubuta 41. Daɗin daɗawa, abin da ya raba ‘thirteen’ da ‘thirty’, ko ‘fifteen’ da ‘fifty’, ɗan ƙarshen kalma ne da wurin da ake danna murya, kuma danna murya irin ta Ingilishi ba ta cikin tsarin sautin Hausa ko na Yarbanci, waɗanda duka harsuna ne masu karin sauti. Binciken Irene Miura da abokan aikinta a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa yaran da harshensu ke bayyana goma a sunan lamba, kamar na Japan da Koriya da Sin, sun fi saurin gane matsayin lamba. Hausa ba ta kai waɗannan harsuna daidaito ba, saboda ashirin da talatin da sauransu aro ne daga Larabci da sai an haddace, amma a tsakanin 11 da 19 ta fi Ingilishi nesa ba kusa ba.

Ga kuma ƙidaya ta uku da yaron zai haddace a darasin Yarbanci, wadda ta ashirin-ashirin ce mai yawan ɗebewa. A can 16 ita ce ‘ẹrìndínlógún’, wato ashirin ba huɗu, 50 kuma ‘àádọ́ta’, wato sittin ba goma. Bahaushe bai rasa irin wannan dabara ba, tunda yana cewa ashirin ba biyu ko talatin babu ɗaya, sai dai shi a kan lambobi biyu na ƙarshen kowace goma ya tsaya. Malamin da ya san harsunan biyu zai iya mayar da wannan kamanni darasin ɗebewa mai daɗi. A Islamiyya kuma yaro yana ganin lambobin shafi da na aya da alƙaluman Larabawan gabas, inda ٥ ke nufin biyar ko da yake ta yi kama da sifili, ٦ kuma shida ce ko da yake ta yi kama da 7.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka kwatanta da lissafin da ake ba da shi cikin jimla. A duba waɗannan misalai:

(1) Ade has 15 oranges. He gives 6 to Bola. How many are left?
(2) Lemo 15 ne, aka ba da 6. Saura nawa?
(3) Musa has 8 books. Tunde has 5 books. How many more books has Musa than Tunde?

Yarinyar da ke tallar lemo a bakin titin Agege za ta amsa (2) kafin a rufe baki. A (1) kuwa sai ta ci karo da ‘left’, kalmar da aka koya mata a wani darasi da ma'anar hagu. Misali na (3) ya fi wuya. An riga an haddatar da yara cewa ‘more’ alamar tarawa ce, don haka sai su tara 8 da 5 su sami 13. Hausa da aikatau ‘fi’ take gina kwatanci, ‘da nawa Musa ya fi Tunde?’, kuma wannan gini da kansa yana jan hankali zuwa ga ratar da ke tsakani. Hudson ya nuna a 1983 cewa ko yaran Amurka, waɗanda Ingilishi harshen uwarsu ne, suna tuntuɓe a kan irin jimla ta (3), amma su amsa daidai idan an sake fasalin tambayar. To ina ga wanda Ingilishi ne harshensa na huɗu ko na biyar?

Haka abin yake ga ‘table’ da ‘difference’ da ‘product’ da ‘carry’, kalmomin yau da kullum da lissafi ya ba su wata ma'ana. ‘Borrow’ ma abin dubawa ce. Bahaushe ya raba aro da rance: abin aro shi kansa ake mayarwa, rance kuwa madadinsa. Goman da ake ɗaukowa daga maƙwabciyar lamba wajen ɗebewa ba a mayar da ita ko kaɗan, don haka ba aro ba ce ba kuma rance ba, canji ne, kamar a fasa Naira goma zuwa Naira ɗai-ɗai. Ɗan kasuwa zai gane wannan nan take. Wajen karanta agogo kuma, ‘uku saura kwata’ ta fara da awa, ‘quarter to three’ ta ƙare da ita.

Abin lura shi ne iyayen waɗannan yara ba jahilan lissafi ba ne. Dillalin shanu yana ƙidaya da jaka, wadda asalinta fam 100 ce, ta koma Naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973, kuma ya san jaka biyar dubu ce ba tare da alƙalami ba. Mai goro yana ƙirga da ƙwarya, ɗari-ɗari. Malamin zaure da ke rabon gado yana aiki da rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, yana nemo lambar da za ta rabu ga kowa ba tare da ɓari ba, wanda shi ne ainihin abin da ake koya wa 'yan aji biyar da Ingilishi. Amma idan ɗansa ya miƙo masa littafi, sai ya ce ya kai wa yayansa, ko ya jira mai lesin. Ilimin yana cikin gida, jingar ce ba ta zo da harshen da za ta tambaye shi ba.

4.0 Shifta da Rubutun Kalmomi

Yaron da ya fara da allo ya saba da wata hanya ta koyon rubutu: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, kuma sunayen haruffa irin su ba-guje da mim-jaye da nun-guda suna bayyana siffar harafin a inda ya faɗo. Da zarar an sa wasali, abin da aka rubuta shi ake furtawa. Rubutun boko na Hausa, tun daga ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912 zuwa shigo da haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, a kan wannan aƙida aka gina shi, haka ma na Yarbanci. Ingilishi ne kaɗai a cikin harsunan yaron ya saɓa, kuma shi ne ake ba shi jerin kalmomi goma ko ashirin ya haddace kafin safiya.

Matsala ta farko sunayen wasula ce. Harafin da Ingilishi ke kira ‘e’ shi ne a, wanda yake kira ‘i’ shi ne e, wanda yake kira ‘ai’ shi ne i. A darasin Yarbanci kuwa, a cikin makaranta ɗaya kuma a rana ɗaya, a a ce, e e ce, i i ce. Yaya da ke karanto wa ƙanensa haruffan kalma da dare zai ce ‘i’, ƙanen ya rubuta i, alhali e ake nufi. Ta biyu ita ce harafi ɗaya mai aiki uku. Harafin p a Ingilishi tsayau ne baleɓe, a Yarbanci yana wakiltar sautin kp, a daidaitacciyar Hausa kuwa babu shi. Harafin c babu shi a Yarbanci, a Hausa sautin farkon ‘ciki’ ne, a Ingilishi wani lokaci k wani lokaci s.

Kurakuran da ke fitowa daga tsarin sautin Hausa sanannu ne, Munzali Jibril ya yi bayaninsu a kundinsa na 1982, David Jowitt ma ya taɓo su a 1991. Ƙwayar sautin /f/ ta Hausa tana fita a matsayin f ko p ko h gwargwadon kari da muhalli, don haka ‘pan’ da ‘fan’ kalma ɗaya ce a kunnen yaro. Babu v, sai ta koma b. Sautukan da ake rubutawa da th sukan koma s da z. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu, shi ya sa ake cusa wasali a raba su, kamar yadda aka yi a ‘burodi’ da ‘direba’ da ‘firamare’ kanta. Wasulan Hausa biyar ne, kowane da dogo da gajere, na daidaitaccen Ingilishi kuwa sun kai goma sha biyu ban da tagwaye.

Sai dai akwai abin da ya keɓanta ga yaron Legas, wanda ɗan'uwansa na Zariya bai sani ba. A Zariya malami da ɗalibi kuskurensu iri ɗaya ne, don haka suna fahimtar juna. A Mushin yawancin malamai Yarbawa ne, kuma tasirin Yarbanci a kan Ingilishi wata hanya daban yake bi: th takan koma t da d, v takan koma f, z takan koma s, sautin farkon ‘chair’ yakan yi kama da na ‘share’, h kuma takan faɗi a farkon kalma. Wannan ba aibu ba ne ga kowa, haka harsuna suke yi wa juna. Amma a lura da sakamakonsa wajen shifta. Hausa tana da c da z da h, saboda haka kunnen yaron yana rarrabe abin da bakin malam bai rarrabe ba. In ya ji ‘and’ inda ake nufin ‘hand’, ya rubuta abin da ya ji, sai a ci shi da kuskure a kan jin da ya yi daidai. Kalma ɗaya kamar ‘five’ tana iya samun furuci uku: na malam mai ƙarewa da f, na gida mai ƙarewa da b, da na littafi wanda babu mai furta shi a unguwar.

5.0 Ingilishi

Jingar Ingilishi a firamare yawanci cike gurbi ce: a zaɓi ‘go’ ko ‘went’, ‘he’ ko ‘she’, ‘a’ ko ‘the’. A wajen jinsi yaron Hausa yana da rata a kan abokinsa Bayarabe, domin ‘ó’ ta Yarbanci ba ta raba namiji da mace, shi kuwa ya taso da shi da ita. Inda yake faɗuwa shi ne ‘it’, tunda a Hausa mota ita ce, gida shi ne, babu na uku. A wajen adadi, Hausa ta yarda a ce ‘littafi uku’, daga nan ‘three book’ take fitowa. A wajen lokaci kuwa, Hausa tana ɗora alamar a gaban aikatau, na tafi, zan tafi, nakan tafi, aikatau bai motsa ba. Buroka ma haka take yi da ‘don’ da ‘dey’ da ‘go’, Yarbanci ma haka. Harsuna uku ke nan suka haɗu a kan tsari ɗaya, Ingilishi shi kaɗai yake canza jikin aikatau. Wannan kuskure ba na ragwanci ba ne, kuma sa yaro ya kwafi gyara sau goma ba zai kawar da shi ba muddin ba a nuna masa inda harsunan suka rabu ba.

Ya kamata a ambaci wani abu da ke ruɗar malamai. Yaron Agege yana da bakin Turanci fiye da na Katsina, domin Buroka ta ba shi kalmomi da ƙarfin hali. Jim Cummins ya bambanta tun 1979 tsakanin harshen hira da harshen karatu, daga baya ya ƙiyasta cewa na farko kan samu cikin kamar shekara biyu, na biyu kuwa yakan ɗauki biyar zuwa bakwai. Malam yana jin yaro yana zuba a filin wasa, sai ya ɗauka rashin yin jinga taurin kai ne. Wata tambaya da ta cancanci bincike na musamman ita ce ko Hausar waɗannan yara tana bin sawun ta zangunan Gana, inda bambancin jinsi ya raunana. In haka ne, ratar da aka ambata a sama ma tana iya gushewa.

6.0 Lokaci, Wuri da Abin Yi

Ko da an warware matsalar harshe, akwai ta lokaci. Yaro ya taso daga boko da rana, ya wuce Islamiyya da la'asar, wani kuma yana da karatun dare. Hutun makarantar allo Alhamis da Juma'a ne, na boko Asabar da Lahadi, don haka wanda ya haɗa biyun ba shi da ranar da babu karatu, kuma jingar ƙarshen mako takan faɗa a ranakun da karatun allo ya fi ƙarfi. Gidajen haya masu ɗakuna a jere suna kallon juna, da rashin tabbas na wutar lantarki, ba su bar wa yaro wurin zama da littafi ba. Ƙidayar makarantun kuɗi da aka yi a Legas a zangon karatu na 2010 zuwa 2011 ta gano sama da 12,000, kuma a irin waɗannan makarantu yawan jinga ya zama shaidar da ake nuna wa iyaye cewa kuɗinsu na aiki. Alhali nazarce-nazarcen da Harris Cooper ya tattara a 1989 da 2006 sun nuna cewa a matakin firamare dangantakar yawan jinga da ƙwazon ɗalibi mai rauni ce ƙwarai.

Gwajin Ife na shekara shida, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci ba su yi asarar Ingilishi ba. Amma yaran wannan gwaji Yarbawa ne a ƙasar Yarbawa. Ba zai yiwu a ce Jihar Legas ta buɗe ajin Hausa a kowace makaranta ba, a ganina kuma ba a nan ya kamata a fara ba. Jinga ita ce ɓangaren karatu guda da ke barin aji ya shiga gida, don haka ita ce ta fi sauƙin sauya wa harshe ba tare da an taɓa manhaja ba. Ana iya ba yaro lissafin cikin alƙaluma, a ce ya je ya tambayi wani babba a gida yadda ake faɗarsa da yadda ake warware shi da harshensu, ya dawo ya bayyana da Ingilishi. Ana iya tsara kalmomin shifta bibbiyu bisa sautukan da aka san suna rikita Bahaushe, ‘pan’ da ‘fan’, ‘vote’ da ‘boat’, ‘think’ da ‘sink’, maimakon jerin da aka tsinto daga shafin littafi.

Kayan aikin ma ba sabo za a ƙirƙira ba. Tun shekarun 1980 aka tattara kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsunan Nijeriya tara, ciki har da Hausa da Yarbanci, a 1990 kuma aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Dalhatu Muhammad ya tace. Daga cikin waɗannan za a iya fitar da takarda guda, gaba da baya, mai ɗauke da kalmomin lissafi talatin ko arba'in a Ingilishi da Yarbanci da Hausa, ɓangaren Hausar a boko da ajami domin uban da allo kaɗai ya yi, a manna ta a bangon littafin jinga. Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'in da ke Legas da ofisoshin Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba sun isa su yi wannan aiki a zangon karatu ɗaya.